Yankan farko ya fi zurfi: tambayoyi da amsoshi kan ma'anar waƙar The First Cut Is the Deepest

Waƙar nan ta girme ni, ta girmi kusan duk wanda ya tambaye ni a kanta, don tun 1967 ta fito. Ni dai na fara jinta ne a shagon wani yayanmu mai gyaran rediyo, cikin wani tsohon kaset da aka kawo rakoda gyara aka manta shi a ciki, lokacin ko turancin kirki bana ji, abinda na riƙe kawai muryar mutumin ce, a dishe kaman wanda ya kwana yana kuka ya tashi da mura. Kwanakin baya ƙanwata ta turo min ita a WhatsApp tace Yaya dan Allah fassara min wannan, wai wani ne ya turo mata. Na yi mata bayani ta saƙon murya, ita kuma bakinta baya shiru ta watsa wa ƙawayenta, shikenan tambayoyi suka dinga shigowa, har da na mazan da ke fakewa da "wani abokina ne yace in tambaya". Shine na tattara su wuri ɗaya. Ban bi baitukan kalma da kalma ba, ma'ana nake bi.

Yaya, shi sunan waƙar ma tukunna, me yake nufi?

Yankan farko shi yafi zurfi. Ba yankan wuƙa ba, yankan da zuciya ke samu ranar da wanda ka fara so ya juya maka baya. Mu a Hausa muna da kalmomin da suka fi turancin kama abin, akwai miki, akwai tabo, akwai fami. Miki ɗanye ne. Tabo ya warke ya bar shaida. Fami kuwa shine ciwo ya fara kamewa sai wani abu ya sake bugunsa, duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe da yatsan da dama yake da ciwo ya san abinda nake faɗa. Mutumin cikin waƙar nan yana magana kaman mai tabo, amma in ka kasa kunne da kyau miki ne dashi, kuma tsoron fami ne ya cika shi.

To a taƙaice me mawaƙin yake cewa?

Mutum ne yana magana da sabuwar budurwa. Ba tsohuwar yake wa magana ba, nan ne mutane suke fara kuskurewa. Yana ce mata da kin zo da wuri da zuciyar kacokan zan damƙa miki, amma wata ta riga ki, ta yi kaca-kaca da ita ta kwashe na kwashewa. Sai yace amma in kina so zan gwada in sake son wata. A baiti na biyu ya nuna yana so ta zauna kusa dashi ta taya shi share hawaye, hawayen da ba ita ta jawo su ba. Shikenan fa waƙar, gajeriya ce, baituka biyu da amshi da ake ta juyawa.

Abin lura, ko sau ɗaya bai yabi yarinyar ba. Babu idonki, babu murmushinki, babu irin kirarin da mawaƙanmu ke zubawa. Bai ma fito fili yace mata ina sonki ba. Iyakar alƙawarinsa "zan gwada". Ku riƙe wannan kalmar, zamu dawo kanta.

An ce wai Yusuf Islam ne ya rubuta ta, da gaske ne? Shi dai mai nashida?

Shine wallahi. Da yawanmu ta kaset ɗin nashida da waƙoƙin koya wa yara addini muka san shi, da gemunsa da farar rigarsa, shi yasa abin ke ba mutane mamaki. An haife shi a Landan ranar 21 ga Yulin 1948, sunan da iyayensa suka sa masa Steven Demetre Georgiou, babansa Bagirke ne ɗan tsibirin Sayifurus, mamansa 'yar Suwidin, suna da gidan abinci a tsakiyar Landan kuma a samansa suke zaune. Da sunan Cat Stevens duniya ta san shi. Waƙar nan tun wajen 1965 ya haɗa ta yana ɗan shekara 17, lokacin ma burinsa ya zama mai rubuta wa mawaƙa waƙa su rera ya samu na kashewa. Nasa rerawar sai a Disambar 1967 ta fito cikin albam ɗinsa na biyu mai suna New Masters, kuma albam ɗin bai yi wata kasuwa ba. A Disambar 1977 ya musulunta a Landan, kaga shekara 10 cif kenan tsakani, a 1978 ya koma Yusuf Islam.

In shi ya rubuta, ya aka yi wata mata ce ta fara fitar da ita?

Sayar mata yayi. Fam 30 kacal. Sunanta P. P. Arnold, baƙar fatar Amurka ce 'yar Los Anjelis, tana cikin 'yan amshin Ike da Tina Turner, ta zo Ingila tare dasu a 1966 yawon wasa sai ta yi zamanta ta fara cin gashin kanta. A 1967 ta fitar da waƙar ta kai lamba 18 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila.

Kuma ni a ganina waƙar ta faɗa hannun da ya dace. Matar nan ita da bakinta ta sha faɗin cewa tun tana yarinya ƙarama ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu, auren kuma na wahala da duka ne, da ƙyar ta tsira. Toh ka ɗauki baitin da yaro ɗan 17 ya rubuta kan budurwa ka sa a bakin wacce ta ga wannan rayuwar, ai dole ya canza nauyi. Shi ya rubuta, ita ta san ciwon.

Daga nan waƙar ta yi ta yawo. A 1967 ɗin dai wata 'yar Jamaika Norma Fraser ta yi ta da kiɗansu na can, a 1973 Keith Hampshire ya kai ta lamba 1 a Kanada, sai mawaƙin Birtaniya Rod Stewart a 1976, sai mawaƙiyar Amurka Sheryl Crow a 2003.

A cikin amshi yana ta cewa "ita", "ita". Wacece ita ɗin, tsohuwar ko sabuwar?

Wannan tambayar tafi kowacce daɗi, kuma har musu muka yi da wani abokina a majalisa a kanta sai da shayi ya huce. A amshin asali abu uku ya faɗa game da matar. Na ɗaya bata da sa'a, kaman mai bakin uwa. Na biyu wajen nuna masa so babu wadda ta kai ta rashin iyawa. Na uku kuma, wanda shine ya kwance komai, wajen a so ta ita ce kan gaba.

Abokin nawa yace sabuwar yake nufi, wai ita ce marar sa'a tunda ta faɗo kan mutumin da aka riga aka cinye, kaman wanda yazo walima an gama rabon nama. Maganar tasa da ɗan ma'ana, na yarda. Amma ku duba yadda yake magana, duk inda yake nufin sabuwar "ke" yake ce mata, ido da ido, to don me zai juya a tsakiyar zance ya koma "ita"? Ai mutum baya ce wa wadda ke gabansa ita. Tsohuwar ce. Yana zaune gaban sabuwa yana gulmar tsohuwa, yana cewa bata iya so ba, bata da alheri, sai kuma bakinsa ya suɓuce ya faɗi gaskiya, wai duk da haka ita ce ta ɗaya. Son maso wani kenan, ƙoshin wahala.

Duk wanda ya taɓa zama da abokin da aka yaudara ya san wannan salon. Zai ce maka ni na manta da ita wallahi, Allah ya raka taki gona, ko sunanta bana son ji, kuma awa biyu kenan kuna zaune sunan nata kawai yake kira. Zagin ma wani nau'in hira ne da ita. Ranar da ya daina zaginta ranar ya warke.

Ni ta Rod Stewart na sani, ban ji wancan na ukun a ciki ba

Kunnenka ƙalau, babu shi. Rod Stewart ya cire layin ƙarshen, ya tsaya a kan bata da sa'a kuma bata iya so ba. Sheryl Crow ma hanyarsa ta bi. Ƙaramin abu ne a ido amma ya juya waƙar, don in ka cire wancan layin abinda ya rage mutum ne da aka zalunta yana kai ƙara, kowa sai ya tausaya masa. In ka mayar da layin sai ka ga mutum ne da har yanzu yana ciki tsundum, kuma ya sani. Ta Rod tafi sauƙin haɗiya, ta asali tafi gaskiya.

Shi Rod a Alabama ta Amurka ya ɗauke ta, ta fito cikin albam ɗinsa na 1976, a 1977 kuma ta yi sati 4 tana lamba 1 a Ingila, daidai lokacin da ake shagalin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 kan mulki. Ku duba ikon Allah, shekarar da waƙar ta kai ƙololuwa a bakin wani, a ƙarshen shekarar mai ita ya nufi masallaci yayi kalmar shahada.

Yaya saurayina ne ya turo min ita da daddare ba tare da ya rubuta komai ba. In ji daɗi ne ko in ji haushi?

Ƙanwata kar ki yi saurin ko ɗaya. Amma tunda kin tambaye ni bazan ɓoye miki ba, wannan ba waƙar yabo bace, takardar gargaɗi ce, irin wadda mai sayar da tsohuwar mota mai tsoron Allah zai ce miki injin ya taɓa bugawa, an yi aiki, yanzu tana tashi amma ban ce ki tafi Legas da ita ba. Ta wani ɓangaren wannan abin a yaba ne, don samarin shaho basa faɗin haka, su ce miki zasu yi ke ce ta farko ke ce ta ƙarshe alhali ke ce ta bakwai a wayar. Wanda ya iya buɗe baki yace min an ji min ciwo, ban gama warkewa ba, yafi wanda zai zo da murmushi ya dinga hukunta ki kan laifin da baki san an yi ba.

Amma ki duba cinikin da kyau. Me ya kawo, me yake nema? Abinda ya kawo ragowar zuciya da "zan gwada". Abinda yake nema ki zauna kusa, ki share hawaye, ki yi haƙuri, ki yi jinya. Wato wata ta ci bashi ke zaki biya. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Sannan ki lura da wayon da ke cikin "in kina so", ya ɗora miki nauyin yanke hukunci, gobe in abu ya lalace yana da mafita, ai na faɗa miki tun farko, ke kika ce kin ji kin gani. Bance da gangan mai waƙar yayi ba, mai ciwo bai cika ganin kowa ba sai kansa, amma sakamakon ɗaya ne.

Kuma abinda na sha gani da idona, mai jinya ba kullum take cin moriyar lafiyar ba. Mutum zai zo a karye, ki tattara shi ki ɗora shi, ranar da ya miƙe da ƙafarsa sai ya duba ki ya tuna lokacin rauninsa, sai ya nemi wadda bata taɓa ganinsa yana kuka ba. Ko kuma ita waccan ɗin aurenta ya mutu ta turo "slm" guda ɗaya, shikenan an tashi maganar tsohuwar zuma. Ba duka maza ba, kar a cinye ni, kuma mata ma suna yi sarai.

Don haka ki tambaye shi a hankali, ba da faɗa ba, wannan waƙar labarin da ne ko na yanzu? In yace na da ne, yana so ki san inda ya fito, madalla. In ya fara kame-kame, ke ma kin samu amsarki. Wataƙila ma kiɗan kawai yaji ya masa daɗi bai san me ake cewa ba, wannan ma yana faruwa fiye da yadda kike zato.

Yaro ɗan shekara 17 me ya sani game da ciwon so har zai ce na farko yafi zurfi? Ai bai ga na biyu ba

Na yi dariya da naga wannan, kuma mai tambayar yana da gaskiya. Wanda yanka ɗaya aka taɓa yi masa ina ya samu ma'auni? Amma kuma shi yasa waƙar ta kama mutane, don a wannan shekarun haka abin yake, baka da wani abu da zaka gwada dashi, baka san ana warkewa ba, ka ɗauka mutuwa ce ta zo. Babba in aka yaudare shi aƙalla ya san yadda hanyar take, ya san wata uku na farko ne masifa. Yaro kuwa cikin duhu yake lalube. Ba zurfin yankan bane kawai, fatar ce sabuwa.

Toh kai a naka ganin, da gaske ne na farkon yafi zurfi?

A'a, ba kullum ba. Yafi daɗewa a tunani, wannan na yarda, kaman yadda kowa ke tuna ranar farko a makarantar kwana. Amma zurfi? Je ka tambayi matar da aka saka bayan shekara 15 da 'ya'ya biyar, ta kwashe kayanta a akori-kura ta koma ɗakin da ta bari tana budurwa, kace mata wai ciwon saurayinta na sakandare yafi wannan. Ko magidancin da karayar arziki ta same shi matar da ya ɗauka tasa ce har kabari ta ce sai ya sauwaƙe mata. Waɗannan yankan na uku ne ko na huɗu a rayuwarsu kuma sun kai ƙashi.

Abinda nake gani shine na farkon shi ke koya wa mutum tsoro. Wanda maciji ya sara in yaga baƙin tsumma sai ya zabura. Kafin na farko kana so ne ba lissafi, kana ba da duka, bayan shi kuma ka koyi ɓoye canji a aljihu. Sabuwar ta yi jinkirin ɗaga waya sai kirjinka ya buga, ba don ita ba, don waccan ma da haka ta fara. Ta ce zata gidan ƙawarta sai ka tuna waccan ma haka take cewa. Toh wannan ne waƙar ta kama daidai, kuma shi yasa har yau ake jinta. Amma akwai masu mayar da maganar lasisi, shekara goma suna jan "ai an taɓa yaudarata" suna gallaza wa bayin Allah. Malam wannan kuma ba ciwo bane, hali ne.

In mace ce ta rera, ma'anar tana canzawa?

Kalmomin basa canzawa sai dai "ita" ta koma "shi". Amma a kunnen Bahaushe nauyin ba ɗaya bane. Namiji in yace wa budurwa wata ta taɓa karya min zuciya, tausayi yake samu, har a ce Allah sarki. Mace ta faɗi haka wa saurayi kuwa sai ya fara lissafi, waye shi, har ina suka kai, tana sonsa har yanzu? Bazawara ma tafi kowa sanin wannan, duk wanda yazo zawarci da fargabar kome yake zuwa, musamman in akwai 'ya'ya a tsakani kuma sakin bai kai uku ba. Shi yasa matanmu da yawa suke haɗiye nasu, su shiga sabon gida da tsohon miki a rufe, miji yana ganin sanyi-sanyi bai san dalili ba. In naji mace tana rera waƙar nan sai inji kaman tana faɗin abinda dubban mata basu da damar faɗa ne.

Ni ce mai ciwon. Wani mutumin kirki ya fito, gida sun yarda dashi, amma zuciyata ta ƙi sakewa. In faɗa masa ne?

Allah ya yaye miki 'yar uwa. Ki faɗa masa, amma ba irin faɗin mai waƙar nan ba. Bambancin shine shi ya zauna yana ba sabuwa tarihin tsohuwa har da matsayinta a zuciyarsa, wannan cin fuska ne ko da ba'a yi niyya ba. Ke abinda ya shafe shi kawai zaki faɗa, ni mutum ce mai jinkirin sakin jiki, na taɓa shan wahala, in kaga ina ɗari-ɗari ba laifinka bane, ka bani lokaci. Ba sai kin kawo suna da hotuna da ranar da kuka haɗu ba. Kuma ki taimaki kanki, lambar nan ki goge ta, leƙen sitatus ɗinsa da wayar ƙawarki ki bari, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ba'a cewa ciwo ya ƙi warkewa alhali kullum da safe sai an ɓare shi an duba.

Akwai kuma abinda nake yawan tunawa, duk da shi rasuwa ce ba yaudara ba. Nana Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, da mijinta Abu Salama ya rasu ta yi addu'ar da aka koya mata ta neman Allah ya musanya mata da mafi alheri, amma a ranta tana cewa waye kuma zai fi Abu Salama? Sai Allah ya aura mata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ita ma a lokacin bata hango ba. Sai dai in kin ga abin ya wuce misali, ba barci ba cin abinci wata da watanni, wannan ya wuce maganar waƙa, ki samu babba da kika yarda da ita ko likita ku yi magana. In kuma kin tabbata zuciyar bata nan sam, kar ki bari a sa rana don kunya, bawan Allah bai miki komai ba.

Wacce zan fara saurara a cikinsu?

Ta P. P. Arnold. Tana da layin nan na uku, kuma muryar ba wasa. Sai ta Cat Stevens don kaji yadda mai abu ya so abinsa. Ta Rod Stewart ita na fara ji kuma har gobe ina da rauni a kanta, bazan iya mata adalci ba. Ta Sheryl Crow kuwa, wadda ta kai lamba 14 a Amurka kuma ita yaran yanzu suka fi sani, tana da daɗi amma tayi tsafta da yawa, kaman ciwon da aka wanke aka naɗe da bandeji aka fesa turare.

Shi Yusuf bayan ya musulunta ya nesanta kansa da waƙar ne?

Ya ajiye harkar gaba ɗaya na tsawon lokaci. A 1979 yayi gwanjon kayan kiɗansa aka ba da kuɗin sadaka, yayi aure, ya koma hidimar addini da ilimi, a 1983 ya buɗe makarantar firamare ta Islamiyya a Landan. Ya taɓa bayyana cewa sunan Yusuf ma ya zaɓe shi ne saboda ƙissar Annabi Yusuf da aka sayar a kasuwa ta taɓa shi, don shima haka yake jin kansa a kasuwar waƙa, ana saye ana sayarwa. Duk sanda na tuna fam 30 ɗin nan sai maganar ta dawo min. Sai a 2006 ya dawo da albam irin na da, da gitarsa, kuma tun daga nan yana rera tsofaffin waƙoƙinsa a wasanni har da wannan, yanzu da furfura.

Masu tambayata hukuncin kiɗa kuwa, dan Allah ku kai wa malamai, ni ba malami bane, fassara aka tambaye ni. Shi kansa da ya dawo wasu sun yi murna wasu sun yi tir.

Yaya ita ƙanwar taka fa, ya ta ƙare da wanda ya turo mata?

Kun cika son gulma wallahi. Bata bi shawarata ta a hankali ba, ita dama haka take tun tana ƙarama. Ta saurari bayanina har ƙarshe, ta ce toh, ta koma ta rubuta masa layi ɗaya, "ita waccan ɗin tayi aure ne ko tana gida?" Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, ya fara rubutu ya goge, ya fara ya goge. Sai washegari bayan la'asar ya turo cewa tana gida.